Yadda ake kare rediyo, waya da kayan sola daga bugun lantarkin bam ɗin nukiliya

Ranar 9 ga Yulin 1962, Amurka ta harba roka daga tsibirin Johnston da ke tekun Pasifik, ta fasa bam ɗin nukiliya mai ƙarfin megatan 1.4 (megatan ɗaya daidai yake da tan miliyan ɗaya na nakiyar TNT) a nisan kilomita 400 daga doron ƙasa. Sunan gwajin Starfish Prime. Babu gidan da ya rushe, babu wanda ya ƙone. Amma a Hawaii, tazarar kusan kilomita 1,450, fitilun titi wajen 300 suka mutu nan take, ƙararrawar kama ɓarayi ta dinga kuka ba ɓarawo, layin tarho da ke haɗa tsibirin Kauai da sauran tsibiran ya katse. Ranar 22 ga Oktoban wannan shekara Tarayyar Sobiyat ta yi nata a saman Kazakistan, da bam mai kilotan 300 (kilotan 1,000 ne megatan ɗaya) a nisan kilomita 290. Bai kai na Amurka girma ba, amma ya fi shi ɓarna: fis-fis ɗin layin tarho mai tsawon kilomita 570 suka ƙone, kebul ɗin wuta mai tsawon kilomita 1,000 da aka binne a ƙasa ya daina aiki, gobara kuma ta tashi a tashar wutar Karaganda.

Ka duba abin da ya lalace a wuraren biyu. Duk abu ne da ke rataye jikin doguwar waya. Waya ita ce ƙofar da wannan bugu ke shigowa, kuma duk dabarar kariya da za ta zo a ƙasa ba ta wuce abu biyu ba: ka raba na'ura da waya, ka kewaye ta da ƙarfe ba tare da ka bar tsaga ba.

Abin da ke faruwa a can sama

Idan bam ya fashe a inda babu iska, hasken gama (gamma), wani haske mai ratsa abu da ido ba ya gani, da ke fita daga cikinsa yakan gangaro ba mai tare shi, sai ya iso tsakanin kilomita 20 zuwa 40 daga ƙasa, inda iska ta fara kauri. A nan yake fizge ilektoron daga ƙwayoyin iska, maganaɗisun duniya kuma ya karkata su duka zuwa gefe guda a lokaci ɗaya. Sararin sama ya zama ƙatuwar eriya ke nan. Abin da ta watso shi ake taƙaita sunansa da EMP, wato bugun lantarki da maganaɗisu. Duk wurin da ke fuskantar inda bam ɗin ya fashe zai sami rabonsa. Daga nisan kilomita 400, da'irar takan kai wajen kilomita 2,200 ta kowane gefe.

Bugun kashi uku ne, kuma kowanne da abin da yake kashewa. Na farko, E1, shi ne maƙiyin ƙananan na'urori. Yana kai ƙololuwarsa cikin 'yan kashi kaɗan daga biliyan na sakan, ya wuce tun kafin kashi ɗaya cikin miliyan ya cika. Ma'aunin da injiniyoyi ke gwada kaya da shi shi ne bolt 50,000 a kowace mita. A lissafi na sama-sama, waya mai tsawon mita ɗaya na iya kwasar dubban bolt ta zuba su a ƙafar guntun lantarkin da aka ƙera don bolt 3 ko 5. Na biyu, E2, kusan ɗan'uwan tsawa ne, kayan kariyar tsawa na iya tare shi. Matsalar kawai yana isowa ne bayan E1 ya riga ya raunata mai gadin. Na uku, E3, mai jan ƙafa ne, daga sakan goma har mintoci. Ba ruwansa da wayar hannunka. Layukan wuta masu tsawon ɗaruruwan kilomita yake bi, ya tura wa manyan taransifomomi irin wutar da ba a gina su don ita ba, su yi zafi ko su sa layi ya faɗi. Guguwar rana ma haka take yi: ranar 13 ga Maris ɗin 1989 ta jefa mutum miliyan 6 cikin duhu na awa 9 a lardin Kwibek na Kanada, a Oktoban 2003 kuma ta lalata taransifomomi a Afirka ta Kudu.

Bam ɗin da ya fashe kusa da ƙasa labarinsa daban ne. Wanda Faransa ta fara gwadawa a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairun 1960, a jerin gwaje-gwajen da suka sa Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, a kan hasumiya aka ɗora shi. Bugun irin wannan ba ya nisa, kuma inda ya fi ƙarfi wuta da rugujewar gini sun fi shi zama abin tsoro.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da haɗarin. Tun 1962 babu ƙasar da ta sake fasa bam a can sama, yarjejeniyar 1963 ta haramta gwajin. Daga Kano zuwa gaɓar Bahar Rum ya haura kilomita 2,000, saboda haka bugun da aka yi a saman Turai da wuya ya iso ƙasar Hausa. Maganaɗisun duniya ma a yankinmu bai kai na Kazakistan ƙarfi ba, kuma ƙarfinsa na cikin abin da ke ƙayyade zafin E1. Abin da ya fi kusa da inbatarka shi ne tsawar damina da hauhawar wutar layi. Sa'ar da aka yi, kariyar kusan iri ɗaya ce, don haka kuɗin da ka kashe ba zai tafi a banza ba.

Me ke mutuwa, me ke tsira

Bugun ba ya yi wa jikin mutum illa kai tsaye. Batirin mota, batirin sola mai ruwa da batiran tocila ma ba abin da ke samun su, don babu guntun lantarki a ciki. Batirin lithium kuwa yana da allon da ke kula da cajinsa, kuma allon na iya mutuwa ya bar ƙwayoyin batirin da ransu.

Wayar hannu da ke cikin aljihu tana da damar tsira sosai, domin wayoyin cikinta gajeru ne ƙwarai. Ita wannan wayar idan tana jone da caja, cajar na jone da bango, ta zama ƙarshen eriya mai tsawon unguwa guda. Haka talabijin da ke da igiyar dish, da kwamfutar da ke jone da wuta, da rediyon da aka ɗaura wa doguwar eriya a saman kwano. Amma wayar da ta tsira ba lallai ta yi kira ba. Turakun sadarwa na dogara da wuta, da janareta, da layukan da ke haɗa su da cibiya, kuma su ne suka fi kasancewa a bakin haɗari. Taurarin ɗan'adam ma ba su tsira ba: Starfish Prime ya bar ɗamarar tururin nukiliya zagaye da duniya da ta kashe taurari da dama cikin watanni, har da Telstar 1 da aka harba kwana ɗaya bayan gwajin.

Maganar da ake yawan yi cewa duk motoci za su tsaya cak, gwaji bai goyi bayanta ba. Kwamitin da majalisar dokokin Amurka ta kafa kan wannan batu ya bayyana a rahotonsa na 2008 cewa an gwada motoci 37 ƙirar 1986 zuwa 2002. Waɗanda ke kashe babu abin da ya same su. Cikin masu aiki, uku suka mutu lokacin da bugun ya kai wajen bolt 30,000 a mita, kuma duka sun sake tashi da aka murɗa makulli; mafi yawan sauran fitilun dashbod ne suka rikice. Motocin yanzu sun fi waɗancan yawan kwamfuta, don haka kada a ɗauki wannan a matsayin tabbaci. Abin da ya nuna shi ne jikin ƙarfe da gajerun wayoyi na taimakawa. Tsohon injin dizal mai famfon mai na ƙarfe zalla, irin na injin niƙa da ake tayarwa da hannu, ba shi da abin da bugun zai kama.

A kayan sola, shi fanel ɗin yana da juriya. Masu rauni su ne kwanturola, inbata, da ƙananan dayod, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da ke cikin baƙin akwatin bayan fanel.

Haɗa akwatin kariya

Ƙa'idar tsohuwa ce, tun 1836 Michael Faraday ya nuna ta: wuta na bin bayan rufaffen ƙarfe, ba ta shiga ciki. Kaurin ƙarfen ba shi ne abin damuwa ba, ko takardar alminiyam ta naɗe abinci ta isa. Inda ake faɗuwa shi ne bakin murfi.

Ka tanadi akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, ko ƙaramin duro mai murfi da zoben ɗaurewa, ko babbar tukunyar alminiyam da murfinta ke zama daram. Don ƙananan kaya, gwangwanin madarar gari mai murfin ƙarfe ya yi. Mai murfin roba bai yi ba. Sai takardar alminiyam mai kauri naɗi biyu, tef ɗin alminiyam mai faɗin santimita 5 irin na masu gyaran firij, kwali, samfefa, ledoji masu zif, mitar gwada wuta, da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko robar magani.

Mataki na farko, kankare fenti. Fenti ba ya wuce da wuta, don haka akwatin da aka fente bakinsa, a wajen bugun, akwati ne mai tsaga zagaye guda. Ka goge bakin akwatin da cikin leɓen murfin da samfefa, faɗin santimita 2, har ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli. In akwai robar da aka zagaya a murfin don hana ruwa, cire ta. Sannan ka rufe, ka sa mita a ma'aunin om, wato ma'aunin juriya ga wucewar wuta, tsinke ɗaya a murfi ɗaya a gangar jiki, ka gwada a kusurwa huɗu. Ya kamata ta nuna ƙasa da om 1. Ƙarfen da aka kankare zai yi tsatsa da damina, tsatsa kuma ba ta wuce da wuta. Kada ka shafa masa giris ko fenti, ka dai riƙa dubawa kana sake gogewa.

Na biyu, neman ɓaraka. Kunna tocila ka sa a ciki, ka rufe, ka shiga ɗaki mai duhu. Duk inda haske ya leƙo, wajen hinji, wajen mariƙin hannu, wajen kwaɗo, ka yi masa alama. A nan akwai abin da ke ruɗin mutane: tsawon tsaga ne ke da illa, ba faɗinta ba. Siririyar tsaga mai tsawon santimita 30, wadda ko reza ba za ta shiga ba, ta fi hujin ƙusa ashirin haɗari, saboda tana aiki kamar eriya ta shigo da bugun. Ka liƙe kowace ɓaraka ciki da waje, tef ɗin ya zarce ta da santimita 5 ta kowane gefe. Ka sani cewa gam ɗin yawancin tef ɗin alminiyam ba ya wuce da wuta. Dabarar ita ce ka lanƙwasa bakin tef ɗin ciki kamar kalmasar ɗinki, yadda ƙarfe zai taɓa ƙarfe, sannan ka danne shi da wani tef a sama.

Idan murfin na lilo, murɗa takardar alminiyam ta zama igiya mai kaurin yatsa, ka shimfiɗa ta zagayen bakin, yadda in an rufe za ta matse. Wasu na sa soson ƙarfe mai laushi a wannan wuri. Yana aiki, amma ban ba da shawararsa ba: zarensa na karyewa ya shiga cikin na'ura, kuma in ya haɗa kan batiri mai bolt 9 yana kama wuta.

Na uku, shimfiɗa kwali a ƙasa, a gefe huɗu da cikin murfi, kada wani abu ya taɓa ƙarfen akwatin.

Na huɗu, naɗe kowace na'ura ita kaɗai. Cire batiri in yana fita, maida eriya ciki, zare duk wata igiya. Sa ta a leda mai zif tare da ƙullin tsotse danshi ɗaya ko biyu, ka naɗe da takarda ko tsumma don kada kusurwa ta huda alminiyam, sannan ka yi mata naɗi uku na takardar alminiyam, kana ninke bakin sau biyu kana dannewa. A ƙarshe ka sake sa ta a leda. Dalilin wannan wahala lissafi ne. In akwatin ya rage bugun sau 100, naɗin ciki ma ya rage sau 100, jimilla ragi sau 10,000 ke nan, muddin ba su taɓa juna ba. Bolt 50,000 ya koma 5. Wannan ragin, desibel 80, shi ne abin da ƙa'idar sojan Amurka ta MIL-STD-188-125 ke nema a gine-ginen da aka kare. Akwati biyu masu ɗan aibi, ɗaya cikin ɗaya, sun fi akwati ɗaya da kake zaton ba shi da aibi.

Na biyar, rufe murfi ka zagaye bakin da tef ɗin alminiyam ba yankewa, ƙarshen ya hau farkon da santimita 10.

Kada wata waya ta ratsa akwatin, ko ta caja, ko ta eriya. Waya ɗaya ta rusa aikin duka. Ba sai ka haɗa shi da wayar ƙasa ba, wadda masu wayarin ke kira at. Rufaffen ƙarfe na kare abin cikinsa ko a sama yake rataye, doguwar wayar at kuwa na iya jawo masa abin da bai nema ba. Ka ɗora shi a kan katako, a ɗaki mai sanyi, nesa da wayoyin bango.

Firij ba akwatin kariya ba ne, bakinsa roba ne. Na'urar ɗumama abinci ta makrowef an tsara ƙofarta ne don tare zango ɗaya kawai, megahaz 2,450, sauran na iya wucewa. Rufin kwano na ragewa kaɗan, amma wayoyin wuta sun riga sun shigo ɗakin.

Gwaji, da iyakarsa

Kunna ƙaramin rediyo a tashar FM mafi ƙarfi a garinku, ka ƙure murya, ka naɗe shi da tsumma ka sa a ciki. Da murfin ya zauna ya kamata magana ta ɓace ta koma shuuu. Maimaita da tashar matsakaicin zango; ita ta fi wuyar tarewa, don eriyarta sandar ferait ce mai kama maganaɗisu, saboda haka in ta yi rauni ƙwarai ko ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, akwatin bai faɗi ba. Sannan sa wayar hannu, ka jira minti ɗaya, ka kira ta da wata. Yi wannan a inda sabis ya cika, kusa da turken sadarwa in da hali. A ƙauyen da dama sabis sanda ɗaya ne, ko tukunyar miya za ta hana kira shiga, kuma hakan bai tabbatar da komai ba.

Idan wayar ta yi ƙara, danna murfin da hannu kana bin bakin a hankali yayin da rediyon ke ciki. Inda ka danna murya ta ragu, nan ɓarakar take. Gwajin gida ba ya ba da adadi, aikinsa ya tona maka kuskure. Ka maimaita shi duk lokacin da ka buɗe ka sake rufewa.

Abin da ya cancanci shiga ciki

Wayar da kake amfani da ita kullum ba za ta zauna a akwati ba, kuma bugun ba ya sallama. Don haka abin ajiya shi ne na biyu, wanda ba ka buƙata yau. Rediyo mai gajeren zango da FM mai cin batiri ya fi komai muhimmanci, shi ne kunnenka idan sabis ya ɗauke. Sai tocila biyu, tsohuwar waya da aka zuba wa taswira, lambobin 'yan'uwa da hotunan takardun gida da na asibiti, da filash mai kwafin waɗannan. Oba-oba guda biyu in akwai hali. Mitar gwada wuta. Na'urar gwada sukari ko hawan jini in akwai mai lalura a gida.

Daga kayan gyara: ƙaramar kwanturolar sola mai amfiya 10 ko 20, irin mai arha ta PWM ta wadatar, dayod na fanel guda shida, irin su 15SQ045, tunda yawancin manyan fanel uku-uku suke ɗauka, AVR mai daidaita wutar janaretarka, CDI mai ba fulogin babur wuta, cajar mota mai bakin USB, da fis-fis.

Batiran tocila a ajiye su daban cikin leda, don in sun daɗe cikin na'ura suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen. Fawa-banki da waya a bar su da caji kashi 50 cikin 100 ko kusa da haka, ba cike ba, ba fanko ba, a duba duk wata uku zuwa shida. Zafi ne ke kashe lithium: akwatin ƙarfe a ɗakin kwano cikin watan Afrilu tanda ne. Duk batirin da ya kumbura a fitar da shi nan take.

Kayan da ba za su shiga akwati ba

Sola da ke kan rufi dole ta zauna a waje, amma ana iya rage abin da wayoyinta ke kwasowa. Wayar ja da baƙa su tafi tare, a manne ko a murɗe da juna, tun daga fanel har kwanturola. In ɗaya ta bi gabas ɗaya ta bi yamma suka haɗu a ƙasa, an yi zobe mai faɗi, kuma faɗin zoben shi ne yawan wutar da zai kama, daga tsawa ko daga bam. A zura su cikin bututun ƙarfe maimakon na roba, a haɗa bututun da at.

A sa na'urar tare hauhawar wuta, SPD, guda biyu: ta DC a bakin kwanturola, ta AC a inda wutar layi ke shiga inbata. Ta DC a zaɓi wadda ƙarfinta ya haura bolt ɗin da jerin fanel ke bayarwa in ba a jona komai ba, in ba haka ba za ta ƙone da kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne doguwar ƙafa. Jimillar wayar da ke haɗa SPD da layi da at kada ta wuce santimita 50, domin a irin wannan saurin doguwar waya na tare wa bugun hanyar zuwa at, sai ya wuce ta gefe ya isa inbata. SPD ta kasuwa don tsawa aka yi ta, ba za ta tare E1 duka ba. Zoben ferait da ake maƙala wa igiya dab da na'ura na taimaka mata wajen dakushe kaifin bugun. Sitabilaiza kuwa ba kariya ba ce a nan, kafin ta motsa an gama.

Sandar at ta zama mai rufin tagulla, a kafa ta mita 1.5 zuwa 2.4, a nemi juriyar ƙasa da om 10. A ƙasa mai yashi, da rani juriyar na hawa sosai. Masu wayarin kan zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana sauko da ita, amma gishiri na cin sandar, don haka a riƙa tonowa ana duba maɗaurin duk shekara, ko a kafa sanda biyu da tazarar da ta kai tsawon sandar a haɗa su.

Kashe makunni bai wadatar ba. Tazarar da ke cikinsa milimita kaɗan ce, wuta kuma na tsallake milimita ɗaya ta iska da bolt 3,000. In an shiga zaman ɗar-ɗar tsakanin ƙasashe masu makaman, ko hadari ya haɗo da walƙiya, zare fulogi ka janye shi daga bango, kwance igiyar dish da eriya. Wajen sola akwai tsari: a fara cire fanel, sannan batiri; in za a mayar, batiri farko, fanel daga baya. In aka juya, kwanturola na iya ƙonewa ba tare da wani bam ba.

Idan abin ya faru

Alamarsa ita ce wuta, sabis da tashoshin gida su ɗauke lokaci guda, na'urorin da ke jone su mutu ko su rikice, wataƙila da wani baƙon haske a sama. Kada a kalli hasken, yana ƙona ƙwayar ido daga nesa mai yawa. In an ga walƙiya mai tsanani kusa da ƙasa da turnuƙewar hayaƙi, batun na'ura ya koma baya: a shiga tsakiyar gini mai kauri, a rufe tagogi, a zauna aƙalla awa 24 saboda ƙura mai guba.

Sauke babban bireka na gida, ka zagaya kana shinshina ƙaurin waya, don gobara ce haɗarin farko. Daga akwati ɗauki rediyo da tocila ɗaya kawai, ka mayar da murfi ka liƙe, saboda bugu na biyu na iya biyowa. In gajeren zango ya yi tsit, kada ka yanke cewa rediyon ya mutu. Fashewa a can sama na hargitsa rufin iskar da ke dawo da wannan zango ƙasa. Gwajin Teak da Amurka ta yi a Agustan 1958 ya katse irin wannan sadarwa a faɗin Pasifik na tsawon sa'o'i. Ka riƙa gwadawa duk awa, musamman da dare.

Na'urar da ta daskare sau da yawa rikicewa ta yi, ba ƙonewa ba. Cire mata wuta da batiri, jira minti biyar, ka mayar. Mota ma haka: kwance kan batiri na baƙar waya na minti goma, duba fis, ka sake gwadawa. A sola, auna batiri tukuna, sannan ka auna fanel shi kaɗai a rana. In bolt ɗinsa ya ragu da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na abin da aka rubuta a bayansa, dayod ne suka haɗe. Lulluɓe fanel ɗin da bargo, buɗe akwatin baya, ka canza su kana lura zoben da ke jikin sabon dayod ya fuskanci inda na tsohon ya fuskanta. Sannan ka ɗaura kwanturolar ajiya. Fanel mai wat 100 da batirin mota ɗaya sun isa rediyo, fitila da cajin waya.

Abin da zai fi takura gida ba na'ura ba ne, ruwa ne, tunda famfon burtsatse da na gari duka da wuta suke aiki. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha, girki da tsafta. Gida mai mutum shida na buƙatar lita 90 kullum, wato jarka huɗu masu lita 25, kuma tanadin kwana uku jarka goma sha ɗaya ne. POS da ATM za su tsaya tare da sabis, don haka a ajiye tsabar kuɗin cefanen mako biyu cikin ƙananan takardu, tare da lambobin waya da sunayen magungunan gida a rubuce a takarda. Maganin da ke son sanyi, irin insulin, a sa shi a leda mai zif cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, a zura ta cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma a inuwa mai iska, a riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma.